"An Taɓa Kama Shi": Tabon Da Ke Bin Mai Zanga-Zangar Lumana Har Wurin Neman Aiki

A cikin ɗawainiyar da ke kan malamin jami'a, da wuya a sami wadda ta kai rubuta wa tsohon ɗalibi takardar shaida sauƙi da daɗi. Za ka faɗi abin da ka sani game da ƙwazonsa da halinsa, ka sa hannu, ka yi masa fatan alheri. Amma kwanakin baya wani tsohon ɗalibina ya zo mini da buƙatar da ta sa na riƙe alƙalami na kasa rubuta komai. Ɗan asalin yankin Adabka ne, a Ƙaramar Hukumar Bukkuyum ta Jihar Zamfara. Ya kammala digiri, ya yi bautar ƙasa, yana zaune wurin wani kawunsa a ɗaya daga cikin biranen Arewa lokacin da aka yi zanga-zangar tsadar rayuwa a watan Agustan 2024. Ya fita da kwali a hannu, wanda ya rubuta kukan garinsu a jiki. A hanyarsa ta komawa gida aka yi musu kamun kan mai uwa da wabi, aka zaunar da shi a ƙasa tare da waɗanda aka samu da kayan wawaso, aka ɗauke su hoto. Bayan kwana tara aka sake shi ba tare da ya ga ƙofar kotu ba.

Daga baya ya nemi aikin koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta, ya ci jarrabawa, ya tsallake ganawa, sai wani ya nuna wa mai makarantar wancan hoto a waya. Amsar da ya samu ita ce "za mu neme ka", kuma har yau ba a neme shi ba. Da ya juya ga aikin ɗamara, dattijon da ya yi alkawarin tsaya masa ya janye, ya ce ba zai sa hannu ga yaron da aka taɓa kamawa ba. Abin da ya kawo shi wurina ke nan. Ya ce, "Malam, don Allah ka rubuta musu cewa ban yi laifin komai ba." Nan take na lura da wani giɓi babba: ni ina iya shaidar halinsa, amma takardar da za ta ce ba shi da laifi ba tawa ba ce, kuma babu ofishin da ya ɗauki bayar da ita a matsayin aikinsa.

Da yake nazarin harshe ne sana'ata, bari in fara da jimlar da ta hana wannan yaro aiki, wato "an taɓa kama shi". Mai karatu zai lura cewa babu aikau a fili a cikinta. "An" ta ɓoye wanda ya yi kamun, don haka babu wanda za a tambaya dalili. Ita kuwa "taɓa" ba ta da rana ba ta da wata, kuma ba ta tsufa. Abin da ya faru shekara ashirin da wanda ya faru jiya duk ɗaya ne a bakinta. Jimlar ba ta faɗi abin da aka zarge shi da shi ba, ba ta kuma faɗi yadda maganar ta ƙare ba. Abin da ya rage a fili shi ne karɓau kaɗai, wato "shi", yana tsaye da kayan zargi a kansa. Mai sauraro kuma sai ya cike guraben da kansa, ya ce ai ruwa ba ya tsami banza.

Alhali kuwa Hausa ba ta gaza wajen bambance matakan ba. Akwai wanda ake zargi, akwai wanda ake tuhuma a gaban alƙali, akwai kuma wanda aka samu da laifi. Akwai kamu, akwai tsarewa, akwai ɗauri. Akwai zanga-zanga, akwai tarzoma. Haka nan akwai tazara mai nisa tsakanin "an sallame shi" da "an wanke shi", kamar yadda kalmar "afuwa" take ɗauke da ma'anar cewa an yi laifi, aka yafe. Mu ne muke yi wa waɗannan kalmomi kuɗin goro a bakunanmu da kanun labaranmu. Dubi ma kalmar da muka saba da ita idan an jera mutane gaban 'yan jarida: baje koli. Kalmar kasuwa ce, abin da ɗan koli yake yi wa hajarsa. Ranar da muka amince a yi amfani da ita ga ɗan'adam, mun riga mun rage masa daraja tun alƙali bai buɗe baki ba.

Me doka ta ce? Sashe na 36(5) na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗauki duk wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar da laifin. Sashe na 40 ya ba 'yan ƙasa 'yancin taruwa. Masu bibiyar siyasa za su tuna gangamin jam'iyyar ANPP da aka tarwatsa da barkonon tsohuwa a Kano a watan Satumbar 2003. Shari'ar da ta biyo baya ta kai ga hukuncin Kotun Ɗaukaka Ƙara na Disambar 2007, wanda ya tabbatar da cewa ba sai an nemi izinin 'yan sanda ba kafin a yi taron lumana. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ƙara da ɗora musu alhakin bayar da tsaro ga irin wannan taro idan an sanar da su. Ashe ke nan wanda ya fita da kwali, bai fasa ba bai ƙona ba, haƙƙinsa ya yi amfani da shi.

Akwai wani abin mamaki a nan. A watan Afrilun 2007 Kotun Ƙoli ta yanke cewa hukumar zaɓe ba ta da ikon hana Atiku Abubakar tsayawa takarar shugaban ƙasa, bayan hukumar ta cire sunansa bisa rahoton wani kwamitin bincike. Har gobe mutumin da ke fuskantar tuhuma a kotu yana iya neman kujerar gwamna ko sanata muddin ba a yanke masa hukunci ba, kuma hakan daidai ne. To, idan zargi bai isa ya hana mutum neman mulkin jiha sukutum ba, ta yaya kamun kwana tara zai isa ya hana saurayi riƙe alli a aji uku na firamare?

Misali mafi girma da muka gani da idanunmu shi ne na ranar 1 ga Nuwamban 2024, lokacin da aka gurfanar da mutum 76 a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, da yawa daga cikinsu ƙananan yara da aka kwaso daga Kano da wasu jihohin Arewa, bisa tuhumomin da suka haɗa da cin amanar ƙasa. Sun shafe kusan wata uku a tsare. Huɗu daga cikinsu suka yanke jiki suka faɗi a cikin kotu, aka kuma sa belin naira miliyan 10 a kan kowannensu. Da duniya ta yi ca, Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin a sake su ranar 4 ga wata, washegari kotu ta kori ƙarar bisa buƙatar Babban Lauyan Tarayya, aka kai su fadar shugaban ƙasa aka miƙa su ga gwamnonin Kano da Kaduna. Sai dai a wurin miƙa su, Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya bayyana cewa saboda jinƙai aka sake su, duk da akwai hotuna da bidiyon abin da aka aikata. Wato an sallame su, ba a wanke su ba. Ba a tantance wanda ya yi ɓarna da wanda tsautsayi ya rutsa da shi ba. Fuskokinsu kuwa sun zaga duniya, duk da cewa Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta hana bayyana abin da zai sa a gane yaron da ake tuhuma. Ƙungiyar Amnesty International ta ce an tsare fiye da mutum 1,200 a faɗin ƙasar a sanadiyyar wannan zanga-zanga. Waɗannan yara za su girma, za su cike fom ɗin neman aiki, hoton nan kuma yana nan yana jiransu.

Ta hanya uku tabon kamu yake bin mutum. Ta farko ita ce rajistar hukuma. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta wajabta a rubuta sunan duk wanda aka kama, da adireshinsa, da sana'arsa, da laifin da ake zarginsa, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Ta kuma tanadi babbar rajistar laifuka ta ƙasa, wadda za a riƙa aika wa hukuncin kotu cikin kwana 30. Manufar tana da kyau ƙwarai, domin rubuta sunan wanda aka kama shi ne kariyarsa daga ɓacewa a hannun hukuma. Matsalar ita ce wanda aka saka ba tare da an kai shi kotu ba, ba shi da hukuncin da zai rufe fayil ɗinsa. An rubuta shigarsa, babu abin da ke shaida kuɓutarsa. Tsohuwar Dokar 'Yan Sanda ta ce idan kotu ta sallami wanda ba a taɓa samunsa da laifi ba, a lalata hotunansa da zanen yatsunsa ko a miƙa masa su. Wadda ta maye gurbinta a 2020 kuwa cewa ta yi a adana su, a ba shi idan ya nema. A wannan gaɓa baya muka ci, ba gaba ba.

Hanya ta biyu ita ce intanet, wadda ba ta mantuwa. A da, jaridar da ta buga hoton mutum takan ƙare a wurin mai ƙosai ko mai tsire bayan mako guda. A yau hoton da aka ɗora a Facebook yana nan daram, kuma rubuta sunan mai neman aiki a waya ba ya cin minti ɗaya. Jihar Legas ta haramta baje kolin waɗanda ake zargi a dokarta tun 2021, hedkwatar 'yan sanda ta ƙasa ma ta ba da irin wannan umarni a 2025. Wannan ci gaba ne, amma bai goge ko hoto ɗaya daga waɗanda aka riga aka yaɗa ba.

Hanya ta uku ita ce bakin mutane, kuma ita ce mafi kaifi a garuruwa irin su Anka da Gummi da Bukkuyum, inda kowa ya san kowa. Mai karatu ya dubi irin ƙofofin da suka rage wa saurayin wannan yanki. Noma ya zama kasada, domin gonaki da yawa ba sa shiguwa sai da yardar 'yan bindiga. Masana'antu babu. Abin da ya saura shi ne koyarwa, da aikin asibiti, da ƙungiyoyin agaji, da aikin ɗamara: soja, ɗan sanda, kwastan, shige da fice, sibil difens, ko rundunar Askarawan Zamfara da aka ƙaddamar a Janairun 2024. Kusan duk waɗannan sai da tantancewa, sai da wani babba ya tsaya maka, basarake ko babban ma'aikaci. Sharaɗin da aka saba rubutawa shi ne kada kotu ta taɓa samun mutum da laifi, amma mai sa hannu ba sharaɗin yake karantawa ba, tsoron abin da zai je ya dawo yake yi. Wanda ya nufi waje ma bai tsira ba, domin fom ɗin bizar Amurka, alal misali, yana tambaya ne ko an taɓa kama ka, ko da an yi maka afuwa daga baya. Ka ce eh, ka shiga dogon bayani ba takarda a hannu. Ka ce a'a, ka yi ƙarya.

Mutanen wannan yanki kuwa suna da abin kuka. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. A Janairun 2022 hare-haren da aka kai ƙauyukan waɗannan ƙananan hukumomi biyu sun ci rayukan da gwamnati ta ce 58 ne, mazauna kuwa suka ce sun kai 200. A 2024 ambaliya ta raba dubban mutanen Gummi da gidajensu. A Agustan 2025 ita kanta Adabka ta sake shiga kanun labarai saboda harin da ya ci rayukan masu tsaron gari. Kuma mun ga cewa kukan lumana yana da tasiri: a ranar 6 ga Afrilun 2019 'yan Zamfara da masu tausaya musu, ciki har da 'yar jarida Kadaria Ahmed, suka yi tattaki a Abuja, washegari gwamnatin tarayya ta dakatar da haƙar ma'adinai a jihar. Amma mu lura da bambanci. Da aka kama Nastura Ashir Sharif na Gamayyar Ƙungiyoyin Arewa bayan zanga-zangar lumana a Katsina a Yunin 2020, sunansa ya cika gidajen rediyo, lauyoyi suka tashi, ba a jima ba aka sake shi. Ɗan talakan Adabka ba shi da wannan garkuwa. Shi kamu ɗaya yana iya cinye masa digirin da mahaifinsa ya sayar da amfanin gona ya biya.

Nan ne haɗarin yake ga ƙasa baki ɗaya. Idan matasa masu ilimi suka fahimci cewa ɗaga kwali yana iya rufe musu ƙofar aiki har abada, za su yi shiru, kuma su ne waɗanda suka iya tsara koke cikin natsuwa, su rubuta takarda, su hana a yi ɓarna. Filin sai ya koma hannun waɗanda ba su da abin asara. A doke ka a hana ka kuka bai taɓa haifar da zaman lafiya ba. A yankin da daji yake ɗaukar matasa aiki ba tare da ya nemi takardar shaida ba, rufe wa saurayi ƙofar halal saboda hoto ba ƙaramin ganganci ba ne.

Na san za a ce mai ɗaukar aiki yana da haƙƙin sanin wanda zai damƙa wa 'ya'yan mutane ko dukiyarsa. Gaskiya ne. Za a kuma ce ba kowa ne ya fita da lumana ba a Agustan 2024, tunda an wawashe cibiyar fasahar zamani ta Hukumar Sadarwa ta Ƙasa a Kano, an kuma yi ɓarna a harabar babbar kotun jihar. Wannan ma gaskiya ne, kuma duk wanda aka tabbatar ya yi hakan ya cancanci hukunci. Amma wurin tabbatarwa kotu ne. Hoton mutum a zaune a ƙasa shaida ce cewa an kama shi, ba shaida ba ce cewa ya yi sata. Mai makarantar da ya yanke hukunci da hoto ya zama alƙali ba tare da shaidu ba, ba tare da an ji ta bakin wanda ake zargi ba, kuma hukuncinsa ba shi da ɗaukaka ƙara.

Wasu ƙasashe sun riga mu cin karo da wannan matsala. Wani bincike da aka wallafa a 2014 a Amurka, inda aka tura samari neman aiki a Jihar Minnesota, ya gano cewa ambaton kamu kan ƙaramin laifi, ba tare da hukunci ba, ya rage yawan waɗanda aka sake kira da kimanin maki 4 cikin 100. Idan haka ne a inda guraben aiki suke da yawa, ina ga inda mutum ɗari ke rububin gurbi ɗaya, mai ɗauka yana neman kowane dalili na rage tulin takardu? A 2008 Kotun Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai ta yanke cewa Birtaniya ta keta haƙƙin mutane da take riƙe zanen yatsun waɗanda ba a samu da laifi ba har illa masha Allahu, abin da ya sa ta gyara dokarta a 2012. A Amurka kuma Claudette Colvin, wadda aka kama a 1955 tana da shekara 15 saboda ta ƙi tashi ta ba farar fata kujera a bas a birnin Montgomery, sai a 2021 kotu ta goge mata wannan tabo, bayan shekara 66.

Mu ma tarihinmu bai rasa darasi ba. 'Yan NEPU, tun kafa jam'iyyar a Kano a 1950, sun sha kamun 'yan doka da ɗaurin kotunan En'e, da yawa suka rasa aiki da matsayi saboda ra'ayinsu. Hajiya Gambo Sawaba an ɗaure ta har sau 16. A yau babban asibiti a Zariya yana ɗauke da sunanta, filin jirgin saman Kano kuma yana ɗauke da sunan Malam Aminu Kano. Su an tuna da su. Amma dubban magoya bayansu da aka shafa wa kashin kaji a ƙauyuka sun mutu da tabonsu, ba wanda ya wanke su.

A jihar da ta fara ƙaddamar da Shari'ar Musulunci a shekarar 2000, wannan magana bai kamata ta zama baƙuwa ba. Malaman fiƙihu sun kafa ƙa'ida cewa asalin mutum kuɓutacce ne, kuma kawo hujja yana kan mai da'awa. Ƙissar Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ta isa misali: da manzon sarki ya zo fitar da shi daga kurkuku, bai yarda ya fito da sallama kaɗai ba, sai da ya nemi a binciki zargin aka tabbatar da kuɓutarsa a bainar jama'a. Bayan wankewar ne aka damƙa masa taskokin ƙasa. Wankewa ta riga aiki.

Saboda haka ina da shawarwari. Na farko, duk wanda aka saka ba tare da tuhuma ba, ko aka kori ƙararsa, a ba shi takarda mai hatimi da ke faɗin haka kafin ya fita, kuma ofishin da ya yaɗa kamunsa ya sanar da sakinsa ta kafar da ya yi amfani da ita tun farko. Na biyu, Majalisar Tarayya ta maido da tanadin goge hotuna da zanen yatsun wanda ba a samu da laifi ba, tare da ƙayyade wa'adi. Majalisar Dokokin Zamfara kuma tana iya farawa da haramta baje koli a dokar jiha. Na uku, fom ɗin neman aiki, musamman na gwamnati, ya tsaya ga tambayar ko kotu ta taɓa samun mutum da laifi. Na huɗu, editocinmu su riƙa bin labari har ƙarshensa, su sauke hotunan waɗanda aka saka, su daina kiran wanda ake zargi ɓatagari. Na biyar, iyayenmu sarakuna da manyan ma'aikata su binciki maganar yaro da kansu kafin su janye hannu, Ƙungiyar Lauyoyi da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam kuma su taimaka wa waɗanda aka saka a 2024 su sami kwafin takardun kotu tun ba su ɓace ba.

Shi kuwa ɗalibin nawa, na rubuta masa abin da na sani: cewa na koyar da shi shekara huɗu, ban taɓa ganin ya ɗaga murya ga kowa ba, kuma babu kotun da ta taɓa samunsa da laifi. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya yi godiya, ya ce zai sake gwadawa idan an buɗe ɗaukar ma'aikata. Allah Ya buɗa masa, Ya kawo wa Zamfara da ƙasarmu zaman lafiya, Ya kuma ba shugabanninmu ikon yin adalci, amin.